Na haɗa kabon da GFO a riyakta ɗaya, murjanina sun rufe, ina neman shawara

Abban Sadiq, Agege
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Matsala ce ta taso mini, tun jiya hankalina bai kwanta ba. Tankina na ruwan gishiri lita 300 ne, idan aka haɗa da ƙaramin tankin tacewa na ƙasa zai kai 360, wata goma sha huɗu ke nan da kafa shi. A ciki akwai kifin kilawun biyu, tang mai ruwan ɗorawa ɗaya, da murjani: mai kama da fata guda biyu, zowa 'yan kaɗan, sai mai kan guduma ɗaya da nake ji da shi ƙwarai. Tun bayan babbar sallah gansakuka mai gashi ta kama duwatsun, in tsige yau, jibi ta dawo. Na auna fosfet, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, da na'urar Hanna, ta ba ni 0.42. Sai na sa aka kawo mini riyakta ɗaya (gorar tacewa da famfo ke tura ruwa ta cikinta) da kabon da GFO (jan tsakin da ke cire fosfet). Ran Asabar na zuba su tare, GFO a ƙasa kabon a sama, cikakken awon da aka rubuta a jikin roba, na buɗe bawul sosai har suna ta birgima a ciki. Yau Talata fosfet ya sauko 0.03, ruwa ya yi garau kamar tankin babu komai a ciki, amma mai kan gudumar ya tsuke ya shige cikin ƙashinsa, zowa sun rufe, kuma ga wata jar ƙura ta kwanta a kan yashi. In kashe riyaktan ne ko in bar shi?

Alhaji Garba, Lekki
Wa alaikumus salam. Tashi ka kashe shi tukuna, sannan ka dawo mu yi magana. Ka cire shi daga layin ruwa gaba ɗaya, kada ka bar shi a cike yana zaune.

Abban Sadiq, Agege
Na kashe, Alhaji. Na zare tiyo na ajiye shi a bokiti.

Alhaji Garba, Lekki
Madalla. To ƙanena, abu uku ka haɗa wa murjaninka a lokaci ɗaya, kowanne shi kaɗai ya isa ya sa su rufe. Babbansu shi ne saurin saukar fosfet. Murjani ya yi wata da watanni yana zaune cikin 0.4, ya saba da shi, sai cikin kwana uku ka janye masa abin. Ƙananan tsirran da ke zaune cikin naman murjani suna dafa masa abinci da haske, su ma fosfet suke ci. In ya ɓace musu farat ɗaya sai su jigata, shi kuma ya tsuke. Na taɓa ganin mai rassa ya zubar da namansa daga gindi zuwa sama cikin kwana biyu saboda irin wannan, ya bar farin ƙashi kawai.

Sai kuma garau ɗin da kake jin daɗinsa. Kafin ka sa kabon ruwanka yana da launin ɗorawa da ido ba ya kamawa, wannan launin yana tare wani ɓangare na haske, musamman shuɗi. Kabon ya kwashe shi dare ɗaya, haske ya ƙaru a kansu ba tare da ka taɓa fitila ba. Ka rage ƙarfin fitilarka kamar kashi 20 cikin ɗari na mako guda ko biyu. Jar ƙurar kuwa GFO ne ya niƙe, kuma na tabbata in ka duba da kyau akwai baƙa a cikinta.

Ka auna alkali, wato sinadarin cikin ruwa da murjani ke gina ƙashi da shi, ka faɗa mana.

Abban Sadiq, Agege
Na auna da kayan awon Salifert yanzu, 7.1. Makon jiya 8.4 ne. Fitila na rage. Baƙar ƙurar ma gaskiyarku ne, ta taru a kusurwar tankin ƙasa.

Injiniya Hauwa, Ikeja
Sannu Abban Sadiq, Allah ya tashi kafaɗunsu. Saukar alkalin ma daga GFO take, abin da ya saba yi ne in an zuba shi da yawa, yana sa ƙasar alli ta daskare a jikinsa. Kada ka yi saurin mayar da shi 8.4 yau ɗin nan, ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki.

Bari in ɗan yi bayanin abubuwan biyu, tunda tace ruwa shi ne aikina na yau da kullum, kuma ina ganin mutane da yawa a gidan nan suna ɗaukarsu kamar abu ɗaya ne. GFO tsatsar ƙarfe ce da aka sarrafa ta zama tsaki-tsaki. Tun asali masu tace ruwan sha ne suke amfani da irinsa don cire gubar arsanik, daga baya masu kiwon murjani suka ɗauko shi domin fosfet yana manne masa kamar yadda arsanik ke yi. Yana kama siliket ma. Shi yana son ruwa ya ratsa shi a hankali, saman kawai ya riƙa motsi kamar kunun da ya fara tafasa a kan wuta kaɗan. In bai motsa ba sam sai ya dunƙule ya zama dutse, ruwa ya haƙa hanya ɗaya yana bi. In ya yi birgima da ƙarfi sai ya niƙe.

Kabon kuwa ba ya son motsi ko kaɗan. Yana da taushi, da ƙwayoyinsa sun fara gogar juna sai ya zama gari. A danne shi tsakanin soso biyu, ruwa ya bi ta cikinsa shi yana tsaye. Aikinsa kuma daban: launi, wari, da gubar da murjani ke fesa wa juna, musamman irin masu kama da fatar nan da kake da su. Bai cire fosfet, bai cire naitiret (dattin da ke samuwa daga kashin kifi da ragowar abinci). To ka ga wanda yake son ya ɗan motsa da wanda ba ya son a taɓa shi, ka sa su a gora ɗaya ka buɗe bawul. Lokacin canjinsu ma ba ɗaya ba ne, kabon mako biyu zuwa huɗu ya gaji, GFO yakan kai wata ɗaya ko biyu gwargwadon dattin ruwan.

Sabo, Mile 12
Anti Hauwa don Allah tambaya, ni sabon shiga ne. Kabon ɗin nan ba gawayi ba ne? Nan kasuwa buhu guda ake sayarwa. In na samu mai kyau na daka na wanke na tankaɗe, ba zai yi ba? Kuɗin na waje ya yi yawa wallahi.

Injiniya Hauwa, Ikeja
Tambayarka tana kan hanya Sabo, asalinsu ɗaya ne, amma kada ka sa. Wanda muke amfani da shi, bayan an ƙona shi ana sake gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1000, wannan ne ke huda masa ƙananan ramuka marasa adadi. Giram ɗaya na mai kyau, in da za a shimfiɗa cikin ramukansa, zai kai wajen murabba'in mita 1000. A cikin ramukan ne datti ke maƙalewa. Gawayin girki ramukansa a toshe suke, ga toka, kuma ba ka san itacen da aka ƙona ba ko abin da ya zuba a kansa a hanya. Ko cikin na gaskiyar ma akwai wanda aka sarrafa da ruwan asid mai fosfet, irin wannan shi da kansa zai ƙara maka abin da kake gudu. Duk sabon kabon da na saya sai na jiƙa cokali ɗaya a kofin ruwan RO (wanda injin tacewa ya cire wa gishiri da datti) ya kwana, da safe in auna. In fosfet ya fito, ba ya shiga tankina.

Malam Nura, Idi-Araba
Ni fa ku yi mini haƙuri, duk maganar nan ana ta gyaran reshe ne an bar gindi. Ruwa ba ya tsami banza. Daga ina 0.42 ɗin ya fito? Abban Sadiq, wane ruwa kake haɗa gishiri da shi, kuma nawa TDS ɗinsa, wato awon abubuwan da suka narke a cikinsa? Me kake ba kifi, sau nawa a rana? Shekarata shida da tanki, ban taɓa sayen GFO ko na ƙwandala ba. Injin kumfa mai kyau da ke kwashe datti daga ruwa, canjin ruwa duk mako, da keto a tankin ƙasa, wannan koriyar ciyawar mai kama da soson waya, ina kunna mata fitila da dare. Duk sati biyu ina yage rabi in zubar, fosfet ya tafi da ita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da zai iya kassara murjani cikin kwana uku, kuma sai da dala ake sayensa, ban ga dalilin da za a riƙa tura sababbin shiga gare shi ba.

Abban Sadiq, Agege
Malam Nura, ruwa saye nake yi a jarka wajen wani mai tacewa, ya ce RO ne. Na sa ma'aunin TDS yanzu ya nuna 14. Abinci kuwa daskararre ne, ƙulli biyu a rana, ina narkar da shi a kofi in juye duka har da ruwansa. Yara ma sukan ɗan barbaɗa na gwangwani in ba na gida.

Malam Nura, Idi-Araba
To ka gani. Ruwan da za a cika tankin murjani da shi sifili ya kamata ya nuna, sai an bi da shi ta resin, ƙwayoyin da ke kama sauran abin da ya narke, bayan RO. Ka sayi ƙaramin injin naka ka huta, ko aƙalla ka haɗa gorar resin ka riƙa bi da na jarkar ta ciki. Abincin kuma ka tace shi a rariya ka zubar da ruwan, ka koma ƙulli ɗaya, ka ɗaga gwangwanin nan sama inda hannun yara ba ya kai.

Alhaji Garba, Lekki
Malam Nura, duk abin da ka faɗa a kan ruwa da abinci na sa hannu. Amma inda muka rabu shi ne cewa canjin ruwa da keto za su fitar da shi daga inda yake yanzu. Kai tankinka tun ranar farko kana kula da shi, duwatsunka ba su sha fosfet ba. Nasa sun yi wata goma sha huɗu suna sha. Dutsen murjani da yashinsa suna riƙe fosfet, kuma abin da suka riƙe ya ninka wanda ke yawo a ruwa nesa ba kusa ba. Da ka rage na ruwan, sai su sako nasu. Ya canja kashi 20 cikin ɗari, lissafi ya ce 0.42 ya koma wajen 0.34, bayan kwana biyu ya auna ya tarar da shi ya kusa komawa inda yake. Gishirin haɗawa ma da dalar ake saye, Malam. Buhu nawa zai ƙarar kafin ya wanke duwatsun nan da canjin ruwa kaɗai? Ni abin da na sani, laifin ba na GFO ba ne, na awo ne.

Malam Nura, Idi-Araba
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban musa maganar duwatsu ba. Keto ma a hankali tana tsotse abin da suka sako, kuma ba ta iya kai shi sifili dare ɗaya. Abin da nake tsoro shi ne mutanenmu sun ɗauka sifili shi ne nasara. Mutum nawa a gidan nan suka kori koriyar gansakuka da GFO, sai daino ta maye gurbinta? Wannan majinar mai ruwan ƙasa da kumfa a jiki, wadda ke kashe dodon koɗi. Ita tana bunƙasa ne in fosfet da naitiret sun ƙare ƙaƙaf. Wanda ya yi fama da ita zai gwammace gansakuka sau goma.

Injiniya Hauwa, Ikeja
A nan ina bayan Malam Nura ɗari bisa ɗari, kuma Alhaji ma na san bai ce a kai sifili ba. Tsakanin 0.03 da 0.1 ya wadatar, masu murjani masu laushi ma ko sun ɗan haura hakan ba sa ganin matsala. Sannan a lura da na'urar kanta. Hanna HI713 tana iya kuskuren 0.04 sama ko ƙasa, don haka 0.03 ɗin Abban Sadiq yana iya zama kusan babu. Wanda ke amfani da HI736 kuma ya sani ita fosforos take aunawa, sai ka ninka lambar da 3.066 ka raba da 1000 kafin ka samu fosfet. In ta nuna 20, fosfet ɗinka wajen 0.06 ne. Na ga wanda ya ga lamba 30 ya firgita ya cika riyakta, alhali ruwansa lafiya lau yake.

Akwai kuma farin nan da ake yi da alminiyam, irin PhosGuard. Yana aiki, amma masu murjani mai kama da fata sun daɗe suna kukan yana sa nasu rufewa. Abban Sadiq, tunda kana da biyu, ka tsaya kan jan, wato GFO.

Maman Ilham, Ajah
Ku bar ni in sako abin da ba a ambata ba, wanda mu a Legas ya fi shafarmu fiye da masu rubuta umarnin jikin roba. Wuta. Bara da damina muka je biki Kano ni da yara, maigida kuma yana wurin aiki ya kwana. Aka ɗauke wuta tun magariba, inbata tana riƙe da famfon da ke juya ruwa a cikin tanki kawai, riyaktan ba ya kanta. Sai wajen goma na safe wuta ta dawo. Famfon riyakta ya tashi da kansa ya tura duk ruwan da ya kwana a ciki zuwa tanki. Maigida ya ce da ya buɗe ƙofar falo warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ya tare shi. Kifi uku a kwance a ƙasa, har da wani shuɗi da Ilham ta raɗa wa suna tun yana ɗan ƙarami kamar ɗan yatsa. Yarinyar nan kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tun daga nan riyaktana yana kan soket ɗinsa shi kaɗai, irin wanda in wuta ta tafi ba ya tashi sai an danna. In ta jima ba ta dawo ba, sai na zare tiyon fita na sa a bokiti, na zubar da lita uku ko huɗu na farko, na sunsuna, sannan na mayar.

Injiniya Hauwa, Ikeja
Allah ya mayar da alheri, Maman Ilham. Abin da ya faru shi ne, ƙwayoyin bakteriya suna zama a jikin kabon da yawa. Da ruwa ya tsaya sai su cinye iskar shaƙa da ke cikin gorar, ga zafin garin nan yana ƙara musu sauri. In ta ƙare sai wasu su koma kan salfet, kuma ruwan teku cike yake da shi, wajen miligiram 2700 a kowace lita. Abin da suke fitarwa shi ne iskar nan mai warin ƙwai, guba ce ga kifi ko kaɗan ce. Shi ya sa Alhaji ya ce kada a bar shi a cike yana zaune. Famfon riyakta ƙarami ne, bai cin wuta, wanda inbatarsa za ta ɗauka ya sa shi a kai.

Sabo, Mile 12
Innalillahi, sannu Maman Ilham. To ni da ba ni da riyakta, ba ni da inbata babba, in haƙura da kabon ke nan?

Alhaji Garba, Lekki
A'a ɗana. Ka zuba shi a jakar raga ka wanke da ruwan RO har baƙin ya daina fita, ka ajiye a tankin ƙasa inda ruwa ke wucewa sosai. Bai kai riyakta aiki ba amma yana yi. In kana son ka san ko ruwanka yana buƙata, ɗebi ruwan tanki a farin bokiti, ka ɗebi sabon haɗi a wani farin bokitin, ka fito da su waje ka jera. Gani ya kori ji, za ka ga naka ya ja zuwa launin fitsari. Wankin nan kuma kada a raina shi. A gidan ajiye dabbobi na Toledo a Amurka an yi gwaji da kifin tang, aka ga ƙurar kabon irin mai taushi tana da alaƙa da ciwon nan da ke cin fatar kai da gefen jikinsu ya bar ramuka. Abban Sadiq, kai da ke da tang, ka zuƙe baƙar ƙurar nan da tiyo yau, kuma ka sa auduga a hanyar ruwa ta kama sauran.

Abban Sadiq, Agege
Na zuƙe, na sa auduga, cikin awa biyu ta koma ja da baƙi na canja wata. Alhaji, yanzu yaya zan koma? Riyakta ɗaya gare ni.

Alhaji Garba, Lekki
Ka bar tankin ya huta mako guda, babu komai. Za ka ga fosfet ya hau da kansa, kada ka tsorata, duwatsu ne. Bayan nan riyaktan ya zama na GFO shi kaɗai, rubu'in abin da aka rubuta. Ruwan farko ka zubar a bokiti har ja ya washe. Bawul a ɗan buɗe, saman kawai ya riƙa rawa. Kabon kuma a jaka kamar yadda na gaya wa Sabo, shi ma rabin awo, kuma kada ka mayar da su rana ɗaya. In Allah ya hore ka sayi na biyu, ruwa ya fara bi ta GFO sannan ya bi ta kabon, don kabon ya tare jar ƙurar da ta kuɓuce. Akwai masu cakuɗa su a gora ɗaya su danne da soso yadda ba abin da zai motsa, kabon ya hana GFO dunƙulewa. Yana yi, sai dai duk ranar canjin kabon dole ka zubar da GFO da bai gama aikinsa ba.

Malam Nura, Idi-Araba
In dai rubu'i ne kuma ya gyara ruwansa, ba ni da ja. Amma keto tana nan a wurina kyauta. Ka biyo ta wajen babban masallacin Idi-Araba ran Juma'a bayan an sauko, in ba ka cikin leda.

Abban Sadiq, Agege
Jama'a ga bayani bayan kwana goma sha takwas. Kamar yadda Alhaji ya faɗa, a makon hutun fosfet ya koma 0.31. Na mayar da GFO rubu'i, yau yana 0.19. Alkali 8.0. Zowa sun buɗe tun kwana na biyar. Mai kan gudumar shi ya fi ba ni tsoro, sai a kwana na tara na ga ya fara leƙowa, yanzu kai biyu sun cika suna kaɗawa, na ukun ya rasa ɗan nama a gefe amma bai ci gaba ba. Na karɓo keto wajen Malam Nura, Allah ya saka da alheri, har ta fara kumbura. Gorar resin ta iso, TDS sifili. Gansakukar tana nan amma ta fara yin fari-fari a baki, in na ja sai ta taho da sauƙi. Soket ɗin Maman Ilham ma na sa an haɗa mini. Tambayata ta ƙarshe, yaya zan gane GFO ɗin ya ƙare?

Injiniya Hauwa, Ikeja
Alhamdulillahi, mun ji daɗi. Ka tari ruwan da ke fita daga tiyon riyakta ka auna, ka auna na tanki a lokaci ɗaya. Muddin na tiyon ya fi ƙasa sosai, yana aiki. Ranar da ka ga sun yi kusa da juna, ya ƙoshi, ka zuba sabo daidai wannan awon, kada ka ƙara. Da yake kaɗan ka sa kuma duwatsunka suna sakowa, zai iya ƙoshi cikin kwana goma zuwa sati biyu a farkon nan, daga baya zai riƙa daɗewa. In ka sauko wajen 0.08 kuma keto tana girma, ka gwada kashe riyaktan, ka wanke shi ka shanya, ka riƙa aunawa duk mako ka turo mana lambar.